Makaranta ta ƙwace wayar 'yata ta karanta saƙonninta: tana da wannan hurumin?

Tambaya: 'Yata shekararta 16, tana aji biyar a wata makarantar kwana ta kuɗi. An yi binciken dare a ɗakin kwanansu, aka samu waya a cikin matashin kanta. Malamin ladabtarwa ya tsare ta sai da ta buɗe masa wayar, ya karanta hirarta da ƙawayenta da kuma wani yaro a WhatsApp. Malamai sun yi ta miƙa wa juna wayar a ofis, washegari aka karanta wasu saƙonnin a gaban asambili, aka kuma dakatar da ita mako biyu. Na san ta karya doka. Amma suna da ikon karanta mata saƙonni?

Amsa: Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a, ya kuma ba ki haƙuri. Abubuwa uku makarantar ta yi, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Ƙwace wayar daidai ne. Buɗe ta da karanta abin da ke ciki, in dai yadda kika faɗa haka abin ya faru, ba su da hurumi. Karanta saƙonnin a gaban ɗalibai kuwa, babu dokar ƙasa ko ta addini da za ta tsaya musu a kai.

Kada ki ɓata bakinki a kan ƙwacewar. Kusan duk makarantar kwana tana da takardar sharuɗɗa da iyaye ke sa wa hannu ranar da suka kai yaro, kuma hana waya na cikin na farko-farko. Dalilan sanannu ne: hana barci, satar amsa, shigo da abin da bai dace ba, da hulɗa da mutanen waje ba da sanin kowa ba. Ba mu kaɗai ba ne ma. Faransa ta kafa doka a 2018 da ta hana ɗalibai amfani da waya a firamare da ƙaramar sakandare. Idan dakatarwar mako biyu ita ce hukuncin da aka rubuta wa wanda aka kama da waya, to 'yarki ta ja wa kanta. Abin da ban yarda da shi ba a wannan ɓangaren shi ne al'adar da wasu makarantu suka ɗauka ta tara wayoyi a filin asambili a farfasa da guduma ko a tsunduma su a bokitin ruwa. Waya dukiya ce, yawanci ma ta iyaye, kuma ikon riƙe ta zuwa ƙarshen zango bai haɗa da ikon lalata ta ba.

To amma dubi inda laifin ya tsaya. Dokar makaranta ta ce kada a zo da waya. An ɗaga matashi, ga waya. Laifi ya tabbata a nan, shaida ta cika, babu sauran abin da ake nema. Duk abin da malamin zai gani bayan ya buɗe wayar ba zai ƙara tabbatar da cewa yarinyar ta shigo da waya ba. Ke nan buɗewar ba binciken wannan laifin ba ne, farautar wani sabon laifi ne da babu wanda ya kawo ƙararsa. Daga lokacin da wayar ta shiga hannun makaranta ta zama ajiya, kuma wanda aka bai wa ajiyar akwati ba a ba shi izinin ɓalle kwaɗo ya ga abin da ke ciki ba.

A dokar Najeriya, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa kariya a kan sirrinsa, gidansa, wasiƙunsa da maganganunsa na tarho. Bai ce sai wanda ya kai shekara 18 ba. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wannan haƙƙi, amma ta hanyar doka, kuma don dalilai irin su tsaro, zaman lafiya, tarbiyyar jama'a, ko kare haƙƙin wasu. Son sanin da wa yarinya ke hira ba ya cikinsu.

Wanda ya fi dacewa da maganarki shi ne sashe na 8 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003. Ya maimaita wannan kariya a kan yaro musamman, sannan ya ware mutanen da kariyar ba ta hana su sa ido: iyaye, da waliyyin da doka ta amince da shi, su ma ɗin gwargwadon hankali. Ki lura da waɗanda aka ambata. Ke kina ciki, mahaifinta yana ciki. Malamin ladabtarwa ba ya ciki. Wannan doka ta tarayya ce, jihohi kuma sai sun zartar da tasu, kuma jihohin Arewa da dama sun yi hakan a 'yan shekarun nan da sunan dokar kare yara, don haka lauya zai duba miki yadda ta jiharku ta faɗa. Sashe na 37 kuwa ya hau kan kowace jiha.

Na san amsar da shugabar makaranta za ta ba ki, domin ita ce amsar da ake bayarwa ko'ina: "Hajiya, ai amana kuka ba mu, mu ne iyayensu a nan." Akwai gaskiya a ciki. Makarantar kwana tana ɗauke da nauyin da makarantar jeka-ka-dawo ba ta da shi. Yarinya na hannunsu dare da rana har wata uku, in wani abu ya same ta su za a tuhuma. Wannan nauyi shi ya ba su damar bincika akwati da loka. Sai dai amanar da kuka ba su ta koyarwa ce da kulawa da tsaro, ba ku miƙa musu duk wani iko da uwa ke da shi a kan 'yarta ba. Hujja mafi sauƙi ita ce wannan: kina raye, kina da lamba, lambar tana cikin fayil ɗin yarinyar. Wayar ta riga ta shiga aljihun tebur, babu inda za ta gudu. Me ya hana a kira ki?

An daɗe ana fafata wannan batu a kotunan Amurka, kuma ko da yake hukuncinsu bai ɗaure alƙalin Najeriya ba, ma'aunin da suka fitar yana da amfani. A 1985 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar jihar New Jersey da wata ɗaliba mai shekara 14 da aka sakaya sunanta da T.L.O. An kama ta tana shan taba a banɗaki, mataimakin shugaban makaranta ya bincika jakarta, ya ci karo da wiwi. Kotun ta ce malamai ba sa buƙatar takardar izinin alƙali kamar 'yan sanda, amma kuma ta ƙi yarda cewa su iyaye ne kawai da za su yi yadda suka ga dama. Ta gindaya sharuɗɗa biyu: tun farko a samu dalili mai ma'ana na zaton binciken zai fito da shaidar wani laifi, sannan binciken ya tsaya iya abin da ake nema, a kuma yi la'akari da shekarun ɗalibi, jinsinsa da girman laifin.

Shari'ar da ta fi kama da taki ita ce ta wani ɗalibi a garin Owensboro na jihar Kentucky, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke a 2013. Abin sha'awa a cikinta, sau biyu makarantar ta duba wayar yaro ɗaya a shekara ɗaya, kotun ta halatta na farko ta haramta na biyu. A karon farko yaron ya fice daga ginin makaranta ba izini cikin damuwa, ga shi an san ya taɓa maganar kashe kansa, sai aka duba wayar don a ga ko yana shirin cutar da kansa. Kotu ta ce wannan da dalili. A karo na biyu an kama shi ne kawai yana tura saƙo a aji, aka ƙwace wayar, aka karanta saƙonni huɗu. Makarantar ta kare kanta da cewa ai yaron yana da tarihin damuwa da shaye-shaye. Kotu ta ce sanin halin yaro a dunƙule bai isa dalili ba, kuma amfani da waya a aji ba ya buɗe wa malami ƙofar shiga duk abin da ke cikinta. Saƙonni huɗu fa, kuma ba wanda ya karanta su a gaban jama'a. Akwai kuma wata ta jihar Pennsylvania a 2006, inda malamai suka ƙwace wayar ɗalibi suka dinga kiran lambobin 'yan ajinsa guda 9 don su kama wanda wayarsa ke kunne, suka shiga saƙonninsa, har suka yi hira da ƙaninsa ba tare da sun faɗi ko su wane ne ba. Alƙali ya ce ƙwacewar daidai ce, amma ba su da dalilin mayar da wayar tarkon kama wasu. A 2014 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta ce ko ɗan sanda da ya kama mai laifi sai ya samo izinin alƙali kafin ya buɗe wayarsa, saboda abin da waya ke ɗauke da shi ya zarce abin da ake samu a aljihu nesa ba kusa ba.

Ingila ta bi wata hanyar. Dokar ilimi ta 2011 ta ba malamai ikon duba abin da ke cikin waya, har ma su goge, amma sai da kyakkyawan dalili, wato zaton cewa abin da ke ciki an yi ko za a yi amfani da shi wajen cutarwa, aikata laifi ko hargitsa koyarwa. Ko a can inda majalisa ta ba da ikon ƙarara, ba a bar shi sakaka ba.

Mu kuwa ba sai mun je Kentucky ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana yawan zato, ta hana bin diddigin sirrin mutane, ta hana gulma, a jere, kuma a ofishin malaman nan duk ukun aka yi a dare ɗaya. Akwai hadisin da Abu Dawud ya ruwaito daga Mu'awiya, cewa idan ka bibiyi aibin mutane za ka lalata su, ko ka kusa lalata su. Malaman fiƙihu da suka yi rubutu a kan hisba, irin su Mawardi, sun ce mai hisba ba ya leƙen abin da aka ɓoye, sai fa idan wani amintacce ya ba shi labarin ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar wanda ya keɓe da wani zai kashe shi. Misalin da ake kawowa na halaccin bincike shi ne wasiƙar Haɗibu ɗan Abi Balta'a gab da buɗe Makka, wadda ya aika wa Ƙuraishawa a ɓoye yana sanar da su shirin Annabi (SAW): an san akwai wasiƙa, an san wadda ke ɗauke da ita, an san inda za a same ta, kuma rayuka ne a kan layi. Wasiƙar aka nema, ita aka karɓa. Ki ga sharaɗin nan biyu da alƙalan Amurka suka zo da su a 1985, dalili tabbatacce da tsayawa iya buƙata, malamanmu sun riga su da ɗaruruwan shekaru.

Ba ina cewa makaranta ba ta taɓa buɗe waya ba. Akwai lokacin da rashin buɗewa ne sakaci. Ɗaliba ta zo da kuka ta ce wata ta ɗauke ta hoto a banɗaki tana barazanar yaɗawa. An ga waya a hannun ɗalibi a ɗakin jarrabawa yana kwafa. Wani ya kawo rahoton cewa ana shirya shigo da ƙwaya, ko wani babba daga waje yana yaudarar yarinya ta tsallake katanga, ko yaro ya ɓace an samu wayarsa a kan gado. A yanayin tsaron da makarantun kwana na Arewa suka shiga tun daga Chibok a 2014 zuwa Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021, babu mai hankalin da zai ce shugaban makaranta ya naɗe hannu idan ya samu labarin wani na ba da bayanan makaranta ga mutanen daji, ko da yake wannan ma jami'an tsaro ya kamata a miƙa wa, ba malamin ladabtarwa ba. A irin waɗannan, hanyar da ta dace ita ce a kashe wayar, a sa ta a ambulan a manne, yarinyar ta sa hannu a kan mannewar, a rubuta dalilin zargin da wanda ya kawo shi, a kira iyaye. Idan za a buɗe, a buɗe a gaban uwa, malama mace na zaune, a duba wurin da zargin ya shafa kaɗai. In maganar hoton banɗaki ce, babu ruwan kowa da hirar yarinya da ƙanwar babanta. Sai in rai na cikin haɗari a wannan sa'ar ne za a tsallake jiran iyaye.

Za su iya ce miki ai ita ta buɗe da hannunta. Ki yi tunanin yanayin: tsakar dare, an tashe su da tocila, an tara su a baranda, yarinya na durƙushe, malami riƙe da bulala yana cewa "buɗe ko a kore ki". Yatsanta ne ya taɓa allon, gaskiya ne, amma wannan ba yarda ba ce. Dokar Kare Bayanan Sirri ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ce yarda sai an ba da ita bisa raɗin kai, kuma sashe na 31 ya ce idan yaro ne, yardar iyaye ko waliyyi ake nema. Makaranta tana cikin masu riƙe bayanan mutane da dokar ta shafa. Da zarar malami ya ɗauki hoton saƙon da wayarsa, ko ya tura wa kansa, ko ya zuba a guruf ɗin malamai, ya shiga gonar wannan doka. Ki koma ki karanta takardar da kuka sa wa hannu. Idan cewa ta yi za a ƙwace waya, to iya nan yardarku ta tsaya. Ko da ta ce makaranta na iya bincika wayar, ina da yaƙinin ba ta ce za a karanta a asambili ba.

Wani abu da malamai ke mantawa shi ne wayar ɗaliba ba sirrinta kaɗai ke ciki ba. Sau da yawa tsohuwar wayar uwa ce ko ta yaya, wani lokaci da layin uwar a ciki, mai rajista da lambar NIN ɗinta, wanda saƙon banki ke shigowa ta kansa. Akwai guruf ɗin dangi inda ake maganar rashin lafiyar wani, rikicin gado, auren da ke tangal-tangal. Akwai hoton yayarta ba mayafi a cikin ɗaki. Akwai ƙawar da ta faɗa mata abin da ba ta taɓa faɗa wa mahaifiyarta ba. Waɗannan mutane ba su karya dokar makarantar kowa ba, amma duk an karanta su.

Kuma malamin da ke lalube a wayar yara yana jefa kansa cikin haɗarin da bai sani ba. Idan ya ci karo da hoton tsiraicin yaro ko yarinya ƙasa da shekara 18, ya tura wa kansa wai don ya riƙe shaida, ko ya nuna wa abokan aiki, sashe na 23 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya haramta mallaka da yaɗa irin wannan hoto, kuma ɗauri ne hukuncinsa. Shi ya sa ƙa'idar Ingila ta gargaɗi malamai kada su kalli irin wannan da gangan, kada su kwafa, kada su tura, su miƙa maganar ga jami'in kare yara na makaranta ko 'yan sanda.

Asambilin shi ya fi damuna. Ke kin fi ni sanin abin da ake nufi a ce an karanta hirar budurwa da saurayi a gaban ɗaruruwan 'yan mata da za su koma garuruwa daban-daban hutu. Dakatarwa mako biyu ce, amma sunan da za a laƙaba mata zai iya bin ta har lokacin da masu neman aure za su fara bincike. Yarinyar da aka yi wa haka wani lokaci ita ce ke cewa ba za ta koma ba, wani lokaci uban ne ke cewa karatun ya isa haka. Idan kuma a cikin faɗan wani malami ya jefe ta da kalmar da ke nufin ta yi lalata, alhali hira kawai aka gani, wannan ya zama ƙazafi, wanda aya ta 4 a Suratun Nur ta yanke wa bulala 80 kuma yana cikin dokokin shari'a na jihohin da ke aiki da su, ban da laifin ɓata suna da ke cikin dokar laifuka ta Final Kod. Ki tambayi 'yarki da ƙawayenta ainihin kalmomin da aka furta, ki rubuta su tun ba a manta ba.

Shawarata kada ki fara da kotu, kada kuma ki fara da Facebook, domin duk wanda ya ji labarin abin da zai fara tambaya shi ne me aka gani a wayar, kin ga kin ƙara yaɗa abin da kike son rufewa. Ki rubuta wa shugabar makaranta takarda, ki riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Ki amsa cewa 'yarki ta karya dokar waya, sannan ki nemi a faɗa miki a rubuce wane zargi ne ya sa aka buɗe wayar, wa ya ba da umarni, su wa suka karanta, ko an kwafi wani abu, kuma dakatarwar ta shigo da waya ce ko ta abin da aka karanta. Ki nemi a goge duk kwafin da ke wayoyin malamai a gabanki. Ki je da mahaifinta ko wani dattijo a dangi. Idan suka yi kunnen uwar shegu, akwai mai makarantar, akwai ƙungiyar iyaye da malamai, akwai sashen ma'aikatar ilimi ta jiha da ke kula da makarantun kuɗi. Gaba da nan akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa mai ofisoshi a jihohi, da hukumar NDPC da ke karɓar ƙorafi kan bayanan sirri, sannan babbar kotu, inda sashe na 46 na kundin tsarin mulki ya ba da damar kai ƙarar tauye haƙƙi. Kafin ki kai can, ki auna ko yarinyar za ta ci gaba da zama a makarantar, domin tana da shekara guda da WAEC da NECO a gabanta, kuma ita za ta zauna da malaman nan, ba ke ba.

Maganar yaron da take hira da shi kuwa taki ce da ita, kuma kada fushin makaranta ya sa ki tsallake ta. Ki bari ta huce, ki zaunar da ita a ɗaki ku biyu. Ki san ko sa'anta ne ko babba, ko ya taɓa neman hoto ko turo mata kuɗi, ko shi ya saya mata wayar. Idan babba ne da ke bibiyar 'yar shekara 16 a ɓoye, wannan ya fi duk abin da muka tattauna gaggawa.

Ranar da aka maido wayar, kafin komai ku canza lambar sirrin buɗe ta, da ta imel, da ta manhajar banki in akwai. Ku shiga WhatsApp wurin da ke nuna na'urorin da aka haɗa da asusun, ku cire duk wadda ba ku sani ba, domin minti ɗaya ya isa a haɗa shi da kwamfutar wani a ci gaba da karanta hirar daga nesa. Ku duba ko an tura wani abu daga wayar zuwa wata lamba a kwanakin da take hannunsu, in kun gani ku ɗauki hotonsa da kwanan wata da lokaci, ku haɗa da kwafin takardar da kika kai wa shugabar.